Asali, Salsala da Sunan Yanka: Amsa ga Masu Neman Tushen Gidansu

Daga Garwa wani ɗan'uwa ya ce: Malam, ina son rubuta tarihin gidanmu. Mene ne bambancin asali, nasaba, salsala da zuriya?

Dukkansu daga Larabci muka aro su, amma kowace da aikinta. Asali shi ne inda aka fito, gari ko ƙungiyar mutane: Bakano, Bagobiri, ko cikin fatake irin Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari. Nasaba ita ce igiyar jini da ta haɗa wane da wane. Salsala kuwa jerin sunaye ne daga kai zuwa sama, wane ɗan wane ɗan wane, kamar sarƙa, wadda ita ce ma'anar kalmar tun a Larabci. Zuriya ƙasa take gangarowa: ɗa, jika, tattaɓa-kunne. Tamu ta gida ita ce tsatso.

Inda masu wannan aiki suke faɗawa rami shi ne kalmomin dangi. Bahaushe yana kiran ƙanen ubansa baba, yana kiran ɗan baffansa wa ko ƙane. Nan arewacin Kamaru kuma baffa, kawu da gwaggo, waɗanda muka karɓa daga Fulatanci, har maƙwabci ana girmama shi da su. Saboda haka duk sanda tsohuwa ta ce maka "ai ƙanensa ne", ka tambaye ta cikin ladabi: "Inna, uwa ɗaya uba ɗaya, ko 'yan uba ne?" Ka tambayi ɗan riƙo da agola a keɓe, domin a baki ba a ware su daga 'ya'yan gida, kuma kunya ce ke hana a ware. Ka rubuta gaskiyar a littafinka, ban da yayata ta. Kada kuma ka tsaya ga dattawa maza kaɗai. Su sun riƙe layin uba, amma aure da saki da goyo da wanda ya sha nonon wa, tsofaffin mata ne ma'ajiyarsu.

Daga N'Djamena wata baiwar Allah ta ce: A gida Tanko muke ji ana kiran kakanmu, amma takardarsa ta ce Mahamat, an kuma sa "né vers 1930". Mutum ɗaya ne?

Hajiya, mai yiwuwa ne ƙwarai. Mahamat sunan yanka ne, wato Muhammadu yadda ake rubuta shi a Chadi. A Kamaru za ki ga Mohamadou, kamar yadda Umaru ya zama Oumarou, Usmanu ya zama Ousmanou. Tanko laƙabi ne, kuma shaida ce babba, don namijin da ya biyo bayan mata ake kira haka. Ke nan kakanku yana da yayye mata, sai ki nemi zuriyarsu. Haka Kande ko Delu mace ce bayan maza, Gambo ya biyo tagwaye, Audi kuwa an haife shi bayan rasuwar ubansa, wanda hakan ke ba ki shekarar rasuwar uban kusan daidai. Yaron da ake ce wa Abba ko Mai-suna galibi sunan kaka ya ci, alkunya ta hana a faɗa.

"Né vers" kintace ne, ma'anarsa "an haife shi wajajen". Yawancin irin waɗannan takardu an yi su ne bayan mutum ya girma, bisa shaidar baki a kotu, abin da ake kira jugement supplétif. Kada ki ɗauki shekarar a matsayin yankakkiya. Ki auna ta da abin da tsofaffi suka riƙe: kashe Rabeh, mayaƙin da ya ci Borno, a Kusseri a 1900, yaƙin Burmi tsakanin Turawan Ingila da Sarkin Musulmi Attahiru a 1903 da hijirar da ta biyo baya zuwa gabas, samun 'yancin Chadi a 1960. In za ki duba rajista a ofishin magajin gari, ki tuna kafin 1973 Fort-Lamy ake rubutawa maimakon N'Djamena, kuma ki gwada kowane salon rubuta sunan kafin ki ce babu.

Daga Marwa: "Kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Shin mu da kakanninmu suka taso aikin hajji ko fatauci suka zauna a hanya, mun rasa asali ke nan?

A'a, Malam. Karin maganar gargaɗi ne ga mai barin al'ada da sada zumunci, ba hukunci ne a kan mai ƙaura ba. Abokin tafiyarsa shi ne "zumunta a ƙafa take", kuma ga mai bincike wannan umarni ne: ka taka. Fara da Sarkin Hausawa na garinku da limamin tsohon masallacin unguwa, sannan fadar Lamiɗo. Duba bangon Alƙur'anin gado da gefen tsofaffin littattafai, inda malamai kan rubuta haihuwa da rasuwa da ajami, da shekarar Hijira, wadda sai ka mayar da ita ta Miladiyya. Ɗauki hoton tsagar fuskar tsofaffinku ka kai wa tsohon wanzami ya karanta maka. Ka lura da waɗanda gidanku ke wasan barkwanci da su, tunda Kanawa da Zagezagi abokan wasa ne, haka Gobirawa da Yarbawa. Kirarin gida kuma ka naɗe shi a waya daga bakin mutum biyu da ba su zauna tare ba, sannan ka gwama. Abin da suka haɗu a kai shi za ka fara rubutawa.