Hajiya ta fasa gyaran gida, tana neman kafin alƙalaminta

Wani ɗan kwangila daga Tudun Wada a Gusau ya aiko da tambaya. Ya karɓi gyaran gidan wata Hajiya a kan naira miliyan 4 da dubu 800: tayil, sabon silin, filasta da fenti. Ta ba shi miliyan 2 kafin alƙalami, ba a rubuta komai ba. Ya sayo tayil na dubu 620 a Ƙofar Ruwa ta Kano, da siminti buhu 20 a kan dubu 200, ya biya leburori da tifa dubu 130 aka fasa tsohon daɓe aka kwashe ɓaraguzai. Sai magada suka taso, ashe ba a raba gadon gidan ba. Hajiya ta ce a tsaya, a maido mata kuɗinta. Abokansa sun ce masa kafin alƙalami ba ya komawa, yana so in tabbatar masa. Can ƙarshen saƙon ya ƙara da cewa ya sayi masara da dubu 900 daga cikin kuɗin ya ajiye, ga shi farashi ya sauka.

Malam, ba zan tabbatar maka ba. Kuma da a ce miliyan ɗaya da dubu 50 ɗin da suka rage suna nan a ajiye, da ba ka rubuto mini ba, da tuni kun gama da Hajiya a zama ɗaya. Abin da ka ɓoye a ƙarshen saƙo shi ne dukan maganar. An ba ka kuɗi ka gyara gida, ka kai su kasuwar hatsi. Sauran dubu 150 kuwa ko zancensu ba ka yi ba, ni ma ba sai na tambaya ba, na san hanyar cefane suka bi.

Kuɗin da mai gida ya danƙa maka kafin aiki ba naka ba ne. Yana zama naka ne kaɗan-kaɗan, gwargwadon aikin da ka yi. Ranar da ka fasa daɓe, ladan fasa daɓe ya zama naka, saura amana ce. Da yawa cikin masu sana'arku da zarar waya ta yi ƙara kuɗi sun shigo, sai lissafi ya canza, a fara tunanin yadda za a juya su su haihu kafin mai gida ya farga. In an ci riba ka cinye kai kaɗai, in an faɗi a ce Hajiya ta yi haƙuri, kasuwa ce. Da wa ka yi shawara kafin ka sa ta cikin cinikin masara? Waɗanda suka tara hatsi a kakar 2024 suna jiran ya ninka sun ga yadda farashi ya rufto a 2025, kuma yawancinsu da kuɗinsu suka yi. Kai da na Hajiya ka yi.

Na san wani birkila a wajen Ƙaura Namoda, hannunsa yana da kyau ƙwarai, in ya ja filasta sai ka ɗauka inji ne. Da ya fara karɓar kwangila sai ya ɗauki ɗabi'ar ƙarasa aikin wancan da kafin alƙalamin wannan. Ya daɗe yana yi ba wanda ya gane, don kullum akwai sabon aiki mai toshe ramin tsoho. Sai siminti ya tashi daga wajen dubu 5 ya haura dubu 10 a farkon 2024, wani Alhaji ya ce ya dakatar da nasa aikin, a ba shi abin da ya rage. Babu. Kafin mako ya zagayo labari ya kai kunnen sauran masu gidajen, kowa ya zo neman nasa. Ya sayar da injin bulo, ya sayar da babur. Yau aikin yini yake yi a ƙarƙashin yaron da shi ya koya wa riƙe cokalin gini.

Maganar abokanka kuwa, su je su maimaita ta gaban alƙali. Kotunan shari'a a Zamfara mazhabar Malikiyya suke bi, kuma a Malikiyya cinikin da za a ce in mai saye ya fasa kafin alƙalaminsa ya zama na mai sayarwa haramtacce ne. Hambalawa ne suka halatta, su ma sai in an gindaya sharaɗin tun farko. Kai ba ka gindaya ba, ba ka rubuta ba, ba ka da shaida. Wani kuma zai ce maka 'yan sanda ba su da hurumi a rigimar kwangila. Gaskiya ne dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama mutum don saɓa yarjejeniya kawai. Amma wanda aka ba kuɗi don wani aiki takamaimai ya karkatar da su, ana iya shigar da ƙararsa a matsayin cin amana, wannan kuwa laifi ne. Buhunan masarar nan su ne shaidar da ka tanadar wa magada da hannunka.

Ba cewa nake ka maido miliyan 2 cif ba. Kana da haƙƙi, kada kunya ta sa ka yar da shi. Tayil da siminti na Hajiya ne, da kuɗinta aka saya don aikinta: ka miƙa mata su tare da rasit, a cire dubu 820. In ta ce kuɗi take so ba kaya ba, a sayar da saninta, faɗuwar da aka yi da kuɗin mota a kanta suke, tunda ba kai ka fasa ba. Ka hanzarta da simintin. Buhun da aka jibge a daɓen zaure ya sha danshin damina, bayan 'yan watanni in ka ɗaga sai ka ji ya dunƙule, ba mai saye ko da rabin kuɗi. Tayil ya fi haƙuri, amma mai shago ba ya karɓar kwalin da aka buɗe. Dubu 130 na leburori da tifa su ma a cire. Sai ladan wahalarka: zuwa Kano, awo, tsayuwa kan leburori. Ni a ganina kashi 10 cikin ɗari na abin da aka riga aka kashe, wajen dubu 95, ba zalunci ba ne. Ka lura, na abin da aka kashe na ce. Ribar da ka ƙiyasta za ka ci a miliyan 4 da dubu 800 ka cire ta daga ranka, aikin da ba ka yi ba ba a biyanka. Ka ga ke nan Hajiya tana binka kimanin dubu 955.

Ka sayar da masarar a makon nan. Na san abin da zuciyarka take raya maka, wai ka ja Hajiya da "gobe, jibi" har farashi ya ɗaga. Wannan tunanin ne ya kai ka inda kake. In masarar ta ba ka dubu 600, to dubu 600 ne, giɓin kai za ka cike. Kada ka jira a aiko maka sammaci. Ka ɗauki dattijo ɗaya da take jin nauyinsa, ko limamin unguwa ko mai unguwa, ka je da takardar lissafi da rasit da abin da ya samu a hannu. Ka faɗi gaskiyar inda sauran suka shiga, don in ka ɓoye wani zai faɗa mata, Gusau ba ta da girman da za ta ɓoye buhunan hatsi. A rubuta abin da ya rage da ranakun biya, shaidu biyu su sa hannu. Tunda akwai rigimar gado, ka nemi ɗaya daga cikin magada ya zauna a wurin, kada gobe wani ya ce kuɗin marigayi ne ka miƙa wa wadda ba ita kaɗai ke da su ba.

Abin da na fi ji maka tsoro shi ne aiki na gaba. Wani zai kawo maka kafin alƙalami kana tsaka da wannan bashi, Shaiɗan ya ce ga mafita. Kada ka taɓa. Ka buɗe asusu daban wanda kuɗin aiki kaɗai ke shiga, ka riƙa karɓa mataki-mataki, na tayil daban, na silin daban, manyan kaya kuma mai gida ya tura wa mai shago kai tsaye. A takardar da za ku sa wa hannu a rubuta layi uku: in an fasa, kayan da aka saya na mai gida ne, aikin da aka yi za a auna a biya, saura a maido cikin mako biyu.