Rage hannun jaket ɗin yaro mai shafi

Maman yara, kin ce kin saya wa ɗanki jaket a gwanjo a kasuwar Garwa saboda hunturu, hannun ya rufe masa yatsu, shafin ciki kuma ya hana ki taɓawa.

Ki sa masa ita, ya saki hannuwa, ki yi alama da alli daidai ƙashin wuyan hannu. Ki sa ya lanƙwasa gwiwar hannu ki sake dubawa, don hannun riga kan ja baya. Sai ki juya jaket ɗin. Galibi a cikin hannu ɗaya akwai ɗinkin keke a kan shafin, inda aka rufe ta. Nan za ki farke a hankali, ki zaro bakin hannun, ki raba shafi da yadi.

Ni dai ba na son almakashi a kayan yara. In rarar ba ta wuce santimita 4 ba, ki kalmashe ta ciki, baɗi ki warware ta. Shafin ya tsaya kamar santimita 1 kafin baki, amma da ɗan sassauci. Nan ake yawan kuskure: a ɗaure shi tam, hannu ya tattare, ko a ɗinke shi a murɗe. Ki fara kama shi da fil, yaro ya gwada. Wajen guga ki shimfiɗa ƙyalle a kai, don shafi ba ya jure zafi.

In bakin hannun na da roba, zif ko maɓallai, ki kai wa tela wanda ya saba ɗinkin kwat, wataƙila sai daga kafaɗa za a rage.