Haƙuri Daban, Dangana Daban: Amsa ga Masu Ɗora Labari

Wata mai karatu daga Zariya ta aiko da tambaya. Tana cikin matasan nan da in fim ko littafi ya ƙare ba yadda ransu ya so ba, sai su ɗauki taurarin su ci gaba da labarin da alƙalaminsu, su saka a manhajar karanta labarai ta Wattpad ko zauren WhatsApp. Nata ya fara ne daga inda aka binne jarumin, ya ci gaba da rayuwar matarsa. Ta ce: "Malam, na rubuta cewa ta dangana tun ranar sadakar uku, sai masu karatu suka yi mini ca, wai na yi gaggawa. Ashe haƙuri da dangana ba abu ɗaya ba ne?"

'Yar'uwa, masu karatunki sun fi ki gaskiya a nan. Haƙuri abu ne da ake yi, kuma ana ba da shi. Shi ya sa mai shigowa gaisuwa yake cewa "ya haƙuri?", in ya dawo bayan kwana biyu ya ce "ya ƙarin haƙuri?", a amsa masa da "mun gode Allah". Mace tana iya yin haƙuri tun daren farko: ta danne kuka, ta amsa gaisuwa, ta tambaya ko an kai wa baƙi ruwa. Ciwon yana nan daram, riƙe shi kawai take yi.

Dangana kuwa daga jingina take. Ka dangana tsani da bango, ka dangana da bishiya in ka gaji. Wanda ya dangana ya sauke nauyin ne, ya jingina shi ga Allah, ya daina jayayya da abin da ya riga ya faru. Ba ka taɓa jin an ce "na ba shi dangana" kamar yadda ake ba da haƙuri ba, sai dai a roƙa: "Allah ya ba ki dangana." A cikin labari, haƙurinta na babin farko ne, dangana kuma sai can gaba, bayan mai karatu ya sha wahala tare da ita.

Kina da takaba a hannu, ki yi aiki da ita. Wata 4 da kwana 10 ne kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, aya ta 234, mai ciki kuma sai ta haihu. Ba kwalli, ba lalle, ba turare, tana zaune a gidan mijin. Kwanakin farko gida cike yake, tabarmi har ƙofar gida, kwanukan abinci na shigowa daga maƙwabta. Bayan uku maza su naɗe tabarmi, bayan bakwai dangin nesa su kama hanya. Yawancin masu rubutu a nan suke tsallakewa zuwa "bayan wata biyar", alhali nan ne labarin yake. Ki nuna mana ita ta auna shinkafar dare da gwangwani yadda ta saba, sai da ta zuba a tukunya ta tuna bakin mutum ɗaya ya ragu. Ki nuna hularsa a kan ƙusa, kowa yana gani, ba mai son ya zama shi ya sauke. Ranar da ta sauke hular da kanta ta ba ƙaninsa, ba sai kin rubuta kalmar dangana ba.

Kuma kada ki ji tsoron sa ta kuka don gudun a ce ba ta da tawakkali. Ya tabbata a Bukhari cewa Annabi (SAW) ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim. Abin da aka hana shi ne kururuwa, marin fuska da yage tufafi.

Wani daga Maraɗi ya ce a zaurensu ana musu: ya rubuta "jarumin ya mutu", aka ce ya yi rashin ladabi. "Mutu" ba zagi ba ne, amma kaza ma takan mutu, aure yakan mutu, har batirin waya. "Rasu" daga "rasa" take, ta mutum ce, kuma tana kallon abin daga ɓangaren waɗanda aka bari. Mai ba da labari zai iya cewa ya mutu. Amma in ka sa ɗa ya shiga ɗakin mahaifiyarsa ya ce "Baba ya mutu", ka ɓata shi, sai dai in gigita kake son nunawa. Bahaushe kewayawa yake: "ya cika", "rai ya yi halinsa", "ya riga mu gidan gaskiya". Sau da yawa mai kawo saƙon ba ya ma faɗa. Salati zai yi, ya ce "sai haƙuri", kowa ya gane.

Ya kuma tambayi makoki da ta'aziyya. Ta'aziyya aron Larabci ce, ita ce gaisuwar da baƙo ya kawo. Makoki daga "koka" yake, zaman da masu rashi suke yi da wurin zaman. Ka je gidan makoki ka yi ta'aziyya.

Tambaya ta uku ta fi ba ni dariya. Mai ita tana son in jero mata karin magana goma na mutuwa ta watsa a labarinta. Ba zan jero ba. Karin magana a gidan rasuwa yana da bakin da yake fitowa. "Mutuwa rigar kowa" maganar dattijo ce a zaure, ko gwaggo mai lallashi. "Haƙuri maganin zaman duniya" ma ta mai gaisuwa ce. In kika sa su a bakin wadda aka yi wa rashin a kwana na biyu, sai ta zama kamar mai wa'azi a kan kanta. Ita in za ta yi karin magana, wanda ya dace da ita shi ne "mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo", kuma cikin ranta za ta faɗa, lokacin da wata ta cika ta da "ai kin ma yi sa'a ya bar miki gida".

"Rashin uwa akan yi uwar ɗaki" yana da kyau ga labarin maraya da ya samu mai riƙo, sai dai a lura da ɗacin da ke cikinsa: ana nufin dole ce ta sa, ba wai maye gurbin ya cika ba. "Bayan wuya sai daɗi" kuwa ki ajiye shi don labarin jarrabawa ko fatauci. Mai gaisuwar da ya faɗe shi a gidan makoki, kallon banza zai sha.