Amsa kan kiwon kifin moli a akwatin gilashi

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa kifayen moli da ka saya suke tsayawa wuri ɗaya suna karkaɗa jiki, sun matse fukafukansu, kuma ba sa cin abinci sosai. A ganina, ruwan ne ya kamata ka fara tuhuma kafin cuta.

Asalin wannan kifi daga Meziko da Amurka ta Tsakiya yake, don haka yana son ruwa mai ɗumi, tsakanin digiri 24 zuwa 28 na ma'aunin Celsius, wanda ma'adinan da suka narke a cikinsa ke da yawa kuma ma'aunin pH ɗinsa (wato ma'aunin yawa ko ƙarancin tsamin ruwa) ya kai 7.5 zuwa 8.2. Sanyin dare a lokacin hunturu kaɗai ya isa ya jawo wannan karkaɗawa, saboda haka na'urar ɗumama ruwa ba kayan ado ba ce. Idan ruwan famfo kake zubawa, sai ka sa maganin cire kulorin, sannan ka riƙa sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako, domin moli yana da ci, kashinsa kuma yana saurin gurɓata ƙaramin akwati. Lita 75 ita ce mafi ƙaranci da zan ba da shawara, tare da matatar ruwa.

Wajen abinci, ka ba su abin da za su cinye cikin minti 2, ka haɗa da ɗan dafaffen alayyafo. Ka kuma ajiye mata 2 ko 3 ga kowane namiji. Ka kuma sani cewa moli haihuwa take yi ba ƙwai ba, kuma manyan kan cinye 'ya'yan idan babu ciyayin da za su ɓuya a ciki.