Tambaya da Amsa: Ta Ina Sabon Lauya Zai Fara Koyon Shari'ar Muhalli?

Tambaya: Ni sabon lauya ne, kuma ina son in ƙware a ƙararrakin gurɓata ruwa, ƙasa da iska. Na karanta dokokin, amma ban taɓa tsayawa gaban alƙali a irin wannan shari'a ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Ka fara da abin da ya fi kayar da masu ƙara, wato tabbatar da sanadi. Nuna wa kotu cewa rijiya ta gurɓace abu ne mai sauƙi, amma tabbatar da cewa gubar daga wurin wanda ake ƙara ta fito, kuma ita ce ta jawo cuta ko ta lalata gona, shi ne ke cinye shekaru. Manoman Neja Delta sun kai kamfanin Shell ƙara a Holan a 2008, aka daɗe ana jayayya kan ko masu fasa bututu ne suka jawo malalar mai, sai a Janairun 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta Hague ta ɗora wa reshen kamfanin na Najeriya alhakin malalar mai a ƙauyukan Oruma da Goi.

Saboda haka, ƙwarewar da ka fi buƙata ita ce ta yi wa masana tambayoyi. Idan masanin naka ne, ka zauna da shi kafin ranar zama har ya iya bayyana sakamakon gwajinsa da kalmomin da alƙali zai gane. Idan na abokin shari'a ne, kada ka yi masa gardama kan ilimin sinadarai, domin ya fi ka sani; ka bi hanyar da ya bi. Waye ya ɗebi ruwan, yaushe, a wace kwalba, kuma hannun wa da wa ya bi kafin ya isa ɗakin gwaji? Hukuncin Daubert na Kotun Ƙolin Amurka a 1993 ya kawo ma'aunan tantance shaidar masana, masu amfani ko da ba a can kake aiki ba: ko an jarraba hanyar binciken, ko sauran masana sun tantance ta, da yawan kuskurenta.

A ganina, zama a kotu kana sauraron yadda manyan lauyoyi ke ƙure shaida ya fi tarin littattafai amfani. Ka kuma riƙa atisaye da abokan aiki, kana ɗaukar ɓangaren kamfani wani lokaci, domin a nan za ka ga raunin hujjarka kafin abokin shari'a ya gani.