Abin da ya sa ba ma cika wa inji jadawali

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma ji daɗi da ka tambaya maimakon ka bar abin a ciki. Ka ce tun da ka kama aiki a sashen tsara ayyukan masana'anta kake ganin tsofaffin hannu suna barin gurbi a jadawalin kowane inji, alhali kwamfuta ta nuna akwai sauran wuri, shi ne kake son sanin ko gado ne kawai ba dalili.

Da dalili, ɗana, mai ƙarfi ma.

Injin da ke aiki awa 8 a rana, kwana 5, a takarda awa 40 gare shi. To cire lokacin sauya saiti tsakanin wannan oda da waccan, cire shafa mai da gyara, cire jiran kaya daga sito, cire abin da ya fito a lalace sai an sake. Abin da ya saura shi ne ƙarfin injin na gaskiya, a kansa ake ɗora kaya.

Ɗorawar iri biyu ce. Akwai wadda ba ta san iyaka ba: a zuba wa inji duk odar da ta shigo bisa ranar da mai kaya yake so. Tsarin MRP, wato lissafin kayan da masana'anta za ta buƙata da lokacin buƙatarsu, wanda Joseph Orlicky na kamfanin IBM ya yi fice da shi, asalinsa haka yake lissafi, kamar inji ba ya cika. Ban raina shi ba, don yana nuna maka makon da kaya za su yi tsauni. Amma alkawari ga mai kaya, da ɗorawa mai iyaka ake yin sa: inji ya cika, oda ta matsa gaba, ko a ƙara awoyi, ko a ba wa wasu a waje.

Ga inda nake so ka natsu. A 1961 wani masanin lissafi ɗan Birtaniya, John Kingman, ya nuna yadda jira yake hauhawa idan ana cika ma'aikaci ko inji. In ka cika shi kashi 80 cikin 100, ma'aunin jiran, wato lambar da ke nuna tsawon jira a lissafinsa, 4 ne. A kashi 90 ya zama 9, a kashi 95 kuwa 19. Ɗan ƙarin da kake gani ba komai ba, shi ke ninka layi. Dattawan nan yawancinsu ba su taɓa jin sunansa ba, amma ido ba mudu ba ne, ya san kima.

Ni da jikina na koya. Ina sabon shiga na cika jadawali maƙil, ina ta jin kaina. Ranar Talata bel ɗin inji guda ya tsinke, rabin yini kacal. Kafin mako ya ƙare akwatunan kayan da ba a gama ba sun toshe hanya, kowanne da rubutun alli "gaggawa", har aka rasa wanne za a fara. Wani dattijon makaniki ya ja ni gefe, ya ɗora yatsa a kan takardata ya ce, "Yaro, ina wurin da za mu rama?" Babu.

Sai dai ba zan goyi bayansu a komai ba. Barin gurbi iri ɗaya a ko'ina ba tare da awo ba, wannan kam sakaci ne. Kusan kowace masana'anta tana da inji guda da aiki ke cushewa a gabansa, shi ne wani masanin tafiyar da masana'antu, Eliyahu Goldratt, ya yi ta jan hankali a kai a shekarun 1980. Awa ɗaya ta salwanta a nan, masana'anta duka ta yi asararta. Shi ba a barinsa zaune. A ajiye masa aiki a gaba, a kuma riƙa sakin oda daidai da tafiyarsa. Sauran injuna su ne za su ɗan sarara.

Ka samu ɗan littafi, mako huɗu kana rubuta kowace tsayuwar injin nan da dalilinta, sannan ka kai wa dattawan cikin ladabi ku duba tare. Ka turo mini abin da ka samu, ina son gani. Ka gaida mahaifiyarka.