Matan da ke zagawa gidajen masu jego

Maman Khadija, kin tambaya ko iyaye mata 'yan sa-kai da ke shiga gidaje a Gusau suna da amfani. Sosai ma. Abin da mace za ta ɓoye wa malamar asibiti, a tsakar gida take faɗa wa uwa 'yar'uwarta. Suna koyar da shayar da nono zalla har wata 6, ko ruwa babu, inda kakanni kan ja daga ke nan. Wasu kan auna damtsen yaro da tef mai launi. In ya nuna ja, ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, sai asibiti. Amma fa ba likitoci ba ne. Yaro na zazzaɓi, kada ki jira zuwansu.